Likitan Ido Ba Zai Samu Zuwa Ba

Aikin Ramlat a asibitin bai wuce tebur ɗaya da waya ɗaya ba. Ita ce mai ba da rana. Duk wanda aka duba aka ga yanar ido ta rufe masa gani, wajenta ake turo shi, ta rubuta sunansa da ƙauyensu da lambar da za a same shi, ta faɗa masa ranar da zai dawo a yi masa aiki. Asibitin ƙarami ne, yana gefen hanyar da ta nufi Shanono, kuma ba shi da likitan ido na kansa. Daga Kano ake turo Dakta Tahir a Talatar farko ta kowane wata. Yakan zo da kayan aikinsa a bayan mota, ya cire wa mutane yana tun safe har la'asar, washegari ya buɗe musu bandeji ya koma.

Ba da rana bai taɓa damun Ramlat ba. Abin da take tsoro shi ne a ce ta bi mutane ta karɓe ranar da ta ba su.

Ranar wata Litinin cikin damina, ta idar da sallar azahar kenan wayar ofis ta yi ƙara. Ta ga sunan Dakta Tahir ne, ta ɗauka.

"Ramlat, ki yi haƙuri," in ji shi, "gobe ba zan samu zuwa ba."

"Dakta, tun Juma'a nake kiran mutane ina tuna musu. Kowa ya shirya."

"Na sani. Abokin aikina ya kwanta rashin lafiya, ni kaɗai na rage a sashen, an ce kada in motsa. Ki mayar da su wata mai zuwa."

"Akwai waɗanda wannan shi ne karo na uku."

Ya ce, "Wallahi ba ni da yadda zan yi."

Ta yarda da shi. Muryarsa ta mutumin da ya gaji ce, ba ta mai neman uzuri ba. Ta jawo littafin sunaye ta fara kira daga sama.

Kowa da yadda yake karɓar irin wannan labari. Wani dattijo, Malam Basiru, dariya ya yi ya ce dama jikinsa ya ba shi, Allah ya kai mu. Wata mata mai suna Hure ta yi ta tambaya ko dai ita kaɗai aka cire, Ramlat ta rantse mata cewa kowa da kowa ne. Wani saurayi da ya ɗauka a madadin mahaifinsa ya wanke ta tas, ya ce sun mayar da talaka abin wasa, ya kashe wayar kafin ta ba shi sabuwar rana. Ta sake kiransa, ta bari ya gama, sannan ta faɗa masa. Ta saba. Abin da ba ta saba da shi ba har yanzu shi ne masu yi mata godiya.

Suna ɗaya ya gagare ta. Baturiya, tsohuwa daga Tsaunin Gawo, wani ƙauyen Kiristoci a hayin rafi, wadda yana ta rufe mata ido duka biyu. Sau biyu ana ɗaga mata rana. Na farko janareton asibitin ne ya lalace, na biyu motar likita ce ta mace a hanya, kuma duka biyun sai da ta iso asibitin sannan ta ji. Ɗanta Reuben ba shi da waya, lambar wani maƙwabcinsu Bawa ya bayar.

Bawa ya ɗauka cikin hayaniyar kasuwa.

"Wace Baturiyar? Uwar Reuben? Ai Malama ni ina Ibadan, wajen albasa. Rabona da gida tun bayan Ista. Saƙonki na ran Juma'a ma a bakin wani direba na aika."

"To yanzu wa za a kira a can? Lallai ne su ji yau."

"Sai dai fastonmu. Amma garinmu sai an hau kan dutse ake samun sabis. In bai hau ba, ba za ki same shi ba."

Ya ba ta lambar. Ta kira ta kira, a kashe. Da aka tashi aiki ba ta wuce gida ba, ta bi ta tasha wajen 'yan acaɓa. Suka ce an yi ruwa a sama, rafi ya kawo, babu mai tsallakawa yau. Wani ya ce in ruwan ya janye da safe zai kai saƙon. Ta yi masa godiya, alhali ta san kafin ya tashi babur ɗinsa su Baturiya sun yi nisa.

Haka kuwa aka yi. Da ta iso da safe ta tarar da su a kan bencin baranda. Wandon Reuben a jiƙe yake har cinya, ya goyo uwarsa ya tsallake rafin da ita, sannan suka sami babur a wannan hayin. Ita kuwa ko ɗigon ruwa babu a jikinta. Ta ɗaura zanen zumuntar mata na coci, ta sa farar riga da aka goge, ta riƙe ƙullin kayan kwana a cinya. Idanunta a buɗe suke, fari fat a tsakiya, tana juya kai duk inda ta ji takun mutum.

Ramlat ta tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu. Ta yi tunanin kiran Malam Zaharaddini, shugaban ma'aikatan jinya, ya zo ya faɗa musu da kansa. Amma ta san abin da zai ce: aikinki ne. Ta je ta durƙusa a gaban tsohuwar.

"Mama, ina kwana. Ramlat ce, ta wajen ba da rana."

"'Yata! Lafiya lau. Ina gajiya? Mun riga kowa yau, ko? Na ce wa Reuben mu yi sammako kada a ce mun makara."

"Mama, likita ba zai samu zuwa ba."

Hannun Baturiya ya shafa ƙullin kayan, ya gyara bakin ɗaurin da bai kwance ba. Reuben ne ya miƙe. Mutum ne dogo mai sanyin magana, ko yanzu ma bai ɗaga murya ba.

"Malama, maimai muke yi. Na bar ciyawa tana cin dawata. Matata ita kaɗai na bari a gona da goyo. Me ya sa ba a aiko mana ba?"

Ta faɗa masa duk abin da ta yi, Bawa, fasto, 'yan acaɓa. Tana faɗa tana jin maganar ba ta da wani amfani gare shi. Ya saurara har ƙarshe ya gyaɗa kai.

"To yanzu sai yaushe?"

"Talatar farko ta wata mai kamawa. Sunanta ne na farko, na yi muku alkawari."

Sai a lokacin Baturiya ta yi magana. "'Yata, wannan ranar da kike bayarwa, taki ce ko ta likita?"

"Tasa ce, Mama. Ni faɗa kawai nake yi."

"To," in ji tsohuwar. Ta miƙa hannu tana laluben ɗanta.

Ramlat ta sayo musu koko da ƙosai a bakin asibiti. Reuben ya ce sun karya, Baturiya ta karɓa ta sha don kada ta ba ta kunya. Ta raka su har titi, ta tsaya tana kallo ana ɗora tsohuwar a tsakiyar babur, ɗanta ya zauna a baya ya rungume ta da ƙullin kayan gaba ɗaya.

Wata ya zagayo. Wannan karon Ramlat ta kira Dakta Tahir tun kafin ta kira kowa. Ya ce abokin aikinsa ya warke, in sha Allahu yana tafe. Ta aika saƙo Tsaunin Gawo ta hanya biyu, ta bakin Bawa da ta bakin wata mai kawo daddawa kasuwa. Ranar Juma'a da hantsi wata baƙuwar lamba ta kira ta. Reuben ne, iska tana kaɗa maganarsa, ya ari wayar fasto ya hau dutse.

"Malama, saƙo ya iso, mun gode. Amma ki ba wani ranar. Mama ta ce ba za ta zo ba."

"Ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Ta ce ta haƙura kawai."

"Reuben, wannan karon likita ya ce..."

Layin ya yanke. Ta kira, ba ya shiga.

A ƙa'idar aikinta, in mutum ya fasa da kansa, nan take ake kiran na gaba a cikin masu jira. Masu jiran kuwa suna da yawa. Ta ɗauki biro za ta soke sunan, ta kasa. Ta je ta sami Malam Zaharaddini a ɗakin magani ta roƙe shi ya ba ta zuwa Litinin.

"Ramlat, in muka bar gurbi babu kowa, mutum biyu muka cuta, ita da wanda zai shiga," in ji shi. "Shi ma na gaban yana bukatar ya shirya. Na ba ki zuwa Litinin da safe. Daga nan ki kira wani."

Ranar Asabar ba ta aiki. Ta gaya wa mijinta, ya ce ta je amma ta dawo kafin hadari ya haɗu. Ɗan acaɓa ya kai ta bakin rafi, ruwan ya janye zuwa gwiwa, ta tattare zani ta tsallaka, ta ƙarasa da ƙafa ta cikin gonaki. Gero ya fi ta tsawo, hanyar siririya, raɓar da ba ta gama bushewa ba ta jiƙa mata hijabi.

Ta sami Baturiya a ƙarƙashin rumfa tana tsinke zogale a faifai. Yatsunta suna bin kara suna zare ganyen ba tare da kuskure ba. Ta gane muryar Ramlat tun daga sallama.

"Ke da kanki? Ikon Allah. Reuben, kawo mata tabarma. A ɗebo ruwa."

Aka gaisa, aka tambayi mutanen gida da damina. Ramlat ta sa hannu a faifan tana taya ta, sannan ta shigo da maganar a hankali. Ta ce likita ya tabbatar. Ta ce aikin ba ya daɗewa, ba ya zafi, ta ga mutanen da suka zo ana jan su da sanda suka koma da ƙafarsu.

"Na san duk wannan, 'yata. Ba tsoron wuƙa nake yi ba. Na haifi tara a ɗakin can, ba likita ba nas." Ta kakkaɓe hannu. "Bari in faɗa miki abin da ba ki gani daga teburinki. Duk ranar da zan tafi, ran Lahadi fasto yakan tsayar da ni a gaban jama'a a yi min addu'a. Matan zumunta su zo gida su yi waƙa. Wata ta kawo sabulu, wata ta kawo ƙwai. In na dawo, tun daga bakin rafi yara suke rugowa suna cewa, Kaka, nawa ne yatsuna? Kaka, wace riga na sa? Sai in ce musu likita bai zo ba. Sau uku ina faɗin haka. Na ukun ma babu wanda ya tambaya, shiru kawai suka yi, na ji takunsu suna komawa."

Tsohuwar ta juya kai wajen da ta ji motsin Reuben, ta ci gaba.

"Ga yaron nan. Shekarunsa sun ja, bayansa yana ciwo, yana ɓoye min. Ina jin numfashinsa in ya goya ni a cikin ruwa. Ina zaune a nan ba na cin kowa da komai sai tuwo. In na tashi tafiya kuwa, gidan nan gaba ɗaya sai ya tsaya."

"Mama," in ji Ramlat, "sau ɗaya kawai. Ki ƙara gwadawa sau ɗaya."

Tsohuwar ta juyo da fuskarta daidai inda muryar take. "To ki ce min zai zo. Ke Musulma ce, kin san girman rantsuwa. Ki ce wallahi zai zo, ni kuma in tashi."

Reuben yana tsaye a jikin rumbu yana kallon Ramlat. Ta ga roƙo a idonsa, so yake ta faɗa ko da ba ta tabbata ba. Ta buɗe baki. Ta tuna janareto, ta tuna mota, ta tuna cewa shi kansa likitan ba shi yake yanke wa kansa tafiya ba.

"Ba zan iya rantsewa ba, Mama. Cewa ya yi in sha Allahu."

"Kin yi gaskiya. Allah ya yi miki albarka. Ki ba wani."

Aka cika mata leda da zogale. Reuben ya raka ta har rafi, suka yi sallama.

Ranar Litinin ta soke sunan, ta kira na gaba, wani tela mai suna Malam Hashimu da ya daina ɗinki tun bara. Ya yi ta kabbara a waya har sai da ta nisanta ta daga kunnenta.

Ranar Talata Dakta Tahir ya zo. Tun kafin a gama share baranda motarsa ta shigo. Wuta ba ta ɗauke ba, komai ya tafi daidai, aka yi wa kowa aiki. Ramlat tana zaune tana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, babu na Baturiya a ciki. Da la'asar likitan ya fito yana cire hular aiki, ya zauna a kujerar da ke gaban teburinta, abin da bai taɓa yi ba.

"Ramlat, wannan ne zuwana na ƙarshe. An mayar da ni wani asibiti a kudancin jiha. Jiya takardar ta fito."

"Wa zai riƙa zuwa?"

"Ba su faɗa ba. Sun ce a dakatar da fitowa sai an sami wanda zai maye gurbina. Ban san yaushe ba, kada in yi miki ƙarya."

Ta miƙe tsaye ba tare da ta sani ba. "Dakta, akwai wata tsohuwa. Gobe ai kana nan da safe. In na tura babur yanzu, in na je da kaina na ɗauko ta..."

Ya girgiza kai. Ya ce ƙwayar idon roba da ake sakawa daidai yawan mutane ya zo da ita, ta ƙare. Ya ce ko da akwai, ba zai yanka ido ya tafi a ranar ba, babu mai duba shi washegari. Ya ce ta tura ta Kano, zai yi wa abokin aikinsa magana. Ya tambayi sunan ya rubuta a wayarsa, kuma ta san da zuciya ɗaya ya rubuta.

Washegari aka buɗe bandeji. Malam Hashimu ya ƙifta ido, ya kalli tafin hannunsa, ya kalli rigar nas ya ce ɗinkin aljihunta a karkace yake. Kowa ya yi dariya, shi kuma ya fashe da kuka. Ramlat ta taya shi murna da gaske, sannan ta shiga ofis ta rufe ƙofa na ɗan lokaci.

Sauran makon ta yi shi ne tana kiran waɗanda ta riga ta ba ranakun watanni masu zuwa. Wannan karon babu sabuwar ranar da za ta ba su. Ta tambayi Malam Zaharaddini me za ta ce, ya ce ta ce za a neme su. Masu zuwa sababbi ma ya ce ta ci gaba da rubuta su, kada a zo a ce babu masu bukata.

Bayan an gama yankan dawa, wata safiya ta ɗago kai ta ga Reuben a bakin taga. Ya ajiye mata ƙullin gyaɗa a kan tebur, fuskarsa a sake.

"Malama, Mama ta yarda. Na kai mata labarin telan nan da aka yi wa aiki, na gan shi da idona a kasuwa yana zura zare a allura. Ta yi kwanaki ba ta ce komai ba, jiya ta ce in zo in karɓo rana. Amma ta ce kada a gaya wa kowa a coci, mu fito kamar za mu gaisuwa. Yanzu rafi ya bushe, babur yana zuwa har ƙofar gida."

Ramlat ta ce ya zagayo ya zauna. Ta faɗa masa komai, cewa an ɗauke likita sai dai a je Kano, har da cewa ranar da ta soke ita ce ranar da likita ya zo.

"Kano," in ji shi. "Mama ba ta taɓa zuwa Kano ba. Ni ma sau ɗaya na je, ban san kowa ba. In mun je, a ranar za a yi mata?"

"A'a. Za su duba ta tukuna, sannan su ba ku rana."

"Su ma suna ɗagawa?"

"Wani lokaci."

Ya shafa kansa. Ta rubuta masa sunan asibitin da sunan likitan da zai nema, ta kwatanta masa motar da zai hau da inda zai sauka. Ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihu. Ta ce ya ɗauki gyaɗarsa, ba ta yi musu komai ba. Ya ce Mama ce ta ɓare ta da hannunta, in ya mayar za ta tambaye shi dalili.

"Me za ka gaya mata?"

"Zan ce ba a fara ba da rana ba tukuna." Ya miƙe. "Ai ba ƙarya ba ne, ko?"

"Ba ƙarya ba ne."

Ba su je Kano ba. Ramlat ta ji haka ne wajen Kirsimeti, da Bawa ya dawo gida ya biyo ta asibitin karɓar maganin tari. Ya ce an yi ta shawara, aka ce bayan an sayar da wake, aka ce bayan biki, har maganar ta kwanta. Ya ce tsohuwar tana nan lafiya, tana cin abincinta. Reuben ya kafa turaku ya ɗaura mata igiya daga ƙofar ɗakinta zuwa bayan gida, wata kuma zuwa rumfa, yanzu tana bi da hannu ta je ta dawo ba sai ta kira kowa ba.

Ramlat ta ce ya gaishe ta. Ya ce za ta ji. A bayansa akwai wani dattijo da nas ta turo, ɗansa yana riƙe da hannunsa. Ta jawo musu kujera, ta tambayi sunansa da ƙauyensu da lambar da za a same shi.